Me Ke Sa Manhaja Ta Daskare Ana Tsakiyar Ciniki?

Duk wanda ya taɓa bin layi a shagon magani ko wurin aika kuɗi a Dogondutsi ya san wannan: mai aiki ya danna, ya sake dannawa, allo ya yi fari-fari, can sama Windows ta rubuta "Ne répond pas". Sai ka ji ana cewa inji ya tsufa. Ni da nake rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji daga nan zuwa Tibiri, na ga sau da yawa injin lafiyarsa lau. Ciwon yana cikin rubutun manhajar.

Ma'aikaci guda ne ke kula da fuskar manhaja, masana suna ce masa babban zare. Shi ke karɓar dannawa, shi ke sake zana allo. A ce ana son manhajar ta riƙa adana lissafin ciniki kowane minti, don kada ɗaukewar kuran ta tafi da shi. Sabon hannu a harshen Python sai ya rubuta time.sleep(60), wato zaren ya kwanta har daƙiƙa 60. Kamar mai kanti ne shi kaɗai, ya rufe ido yana jiran lokaci, ga masu saye a tsaye. Windows kuwa daƙiƙa 5 take ba taga. In ba ta amsa ba, ta buga mata wancan tambari.

Abin yi shi ne a saita ƙararrawa a kayan gina fuskar manhaja: after a Tkinter, QTimer a Qt. Zaren ya ci gaba da hidimarsa, in lokaci ya cika a taɓo shi ya yi aikin ya koma.

Amma nan ne da yawa ke tsayawa, kuma bai isa ba. In aikin kansa mai nauyi ne, kamar tura bayanai ta intanet a ƙauyukan Dallol Mawri inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, daskarewar za ta dawo. Irin wannan aiki, zare na biyu ake ba, bisa sharaɗin kada ya taɓa allo da kansa: ya ajiye sakamako, babban zare ya ɗauka ya nuna. Kuma kada a saita ƙararrawa ta gaba sai aikin farko ya ƙare, in ba haka ba su taru su hau juna.

Abin yana damuna domin mai aikin da ya ƙosa yakan kashe manhajar da ƙarfi, wataƙila tana tsakiyar rubuta lissafin yini. Tun 1993 masani Jakob Nielsen ya nuna cewa jinkirin da ya wuce daƙiƙa 1 yana katse wa mutum tunani, a daƙiƙa 10 kuwa hankalinsa ya bar wurin.

In za a sayar maka da manhaja, Alhaji, kafin ka biya ka katse intanet, ka yi ta dannawa na 'yan mintoci, ka ga ko tana amsawa.