Daskarar da Manhaja Ba Ajiyar Lissafi Ba Ne

Akwai maganar da ake ji a bakin wasu matasa masu haɗa wa dilolin Kasuwar Singa manhajar lissafin kaya: wai tunda manhajar tana cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da take aiki a cikin na'ura, kuma ana iya daskarar da ita a sake tayar da ita daidai inda ta tsaya, ba sai an wahala da ajiye kwafin lissafi a wani wuri ba.

Maganar tana da tushe. Tun shekarar 2012 aka fitar da CRIU, wanda Pavel Emelyanov da abokan aikinsa suka ƙirƙiro don Linux. Yana kwashe abin da ke ƙwaƙwalwar manhaja tana tsakar aiki, ya zuba a fayil kamar ya ɗauki hotonta, daga baya ya mayar. Cikin manhajojin kula da kwantena, Podman yana amfani da shi, Kubernetes ma ya fara gwada shi a 2022. Fasaha ce mai kyau, babu musu.

Sai dai manhaja kaɗai ke daskarewa, kasuwa ba ta daskarewa. A ce an ɗauki hoton da ƙarfe goma na safe, na'ura ta lalace bayan azahar. A tsakani an loda buhun sukari da katan-katan na taliya, mota ta kama hanyar Maraɗi, kuɗi sun shigo ta tiransifa. Idan aka tayar da manhajar, tunanin ƙarfe goma za ta farka da shi, ta ce kayan suna sito. Banki kuwa ba zai koma baya don ya jira ta ba. Layin sadarwar da ke tsakaninsu ya daɗe da yankewa. Rumbun bayanan da ke wata na'ura daban ma ba ya cikin hoton.

Hoton kuma yana da tsirfa. Idan sabuwar na'ura ta bambanta da tsohuwa a irin injinta ko tsarin Linux ɗinta, yana iya ƙin tashi.

Sannan ina aka ajiye shi? Sau da yawa a kan na'urar da ke shagon. Mutanen Singa ba sa buƙatar a tuna musu abin da gobara ke yi wa shago da duk abin da ke cikinsa.

Don haka, Alhaji, idan yaron da ya haɗa maka manhaja ya ce komai na ajiye, tambaye shi inda kwafin lissafin jiya yake a wajen kasuwa, sannan ka ce ya buɗe maka shi a gabanka.