Rijiya Kafin Dodo: Abin da Ƙasar Dakoro ke Koya wa Mai Ƙaga Labarin Makiyaya

A cikin ƙagaggun labarai akwai wani nau'i da marubuci ke gina masa duniya tasa ta kansa, wadda wata babbar masifa ta afka wa. Birane sun zama kufai, sarauta ta rushe, 'yan tsirarun da suka saura suna yawo da dabbobinsu a ƙasar da iskoki, mayu da dodanni suka mamaye. Mai karatu ba ya gardama da dodo, domin da saninsa ya buɗe littafin. Inda yake tsayawa ya yi tsaki shi ne inda ayarin mutum ɗari biyar da shanu dubu suka kwashe wata guda a daji, ba a faɗi inda suka sha ruwa ba. Saboda haka manyan marubutan wannan fanni sukan fara da lissafi kafin su kai ga tsafi. J. R. R. Tolkien ya zana taswira, ya auna zangon tafiya, har tsayuwar wata ya bi dare bayan dare. Frank Herbert ya ɗora littafinsa Dune na 1965 a kan ƙarancin ruwa, ya sa al'adun mutanen saharar tasa duka suka tsiro daga nan.

Adabin Hausa ya saba da tafiyar ban al'ajabi tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito a 1934. Sai dai a cikinsu jarumi ne ke tafiya, kuma jarumi guda yana iya rayuwa da sa'a. Jama'a sukutum, da tsofaffi da masu jego da 'yan maruƙa, ba ta rayuwa sai da tsari. Marubucin Hausa ba ya bukatar aron wannan tsari daga ƙetare, don yana nan a arewacin jihar Maraɗi.

Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da birnin Maraɗi, a bakin inda noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa. Kudu da ita ƙasar gero ce ta Kornaka. Arewa akwai kwarin Tarka, bayansa kuma filayen Bermo da gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955. Can ne mazaunin Fulani Woɗaaɓe masu jajayen shanu da dogayen ƙahoni, da Buzaye masu raƙuma. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, kuma duk yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin, rayuwa tana rataye a bakin rijiya.

Ka'ida ta farko ta fito ne daga nan: makiyayi ba ya yawo haka kawai. Da rani, bayan tafkuna sun ƙafe, akan shayar da shanu kullum ko bayan kwana guda, don haka garke ba ya iya nisa da rijiya fiye da tafiyar da zai je ya dawo kafin ƙishi ya kayar da shi, wato kilomita 15 zuwa 20. Ciyawar kusa da ruwa ita ake fara cinyewa. Kowane mako tafiyar tana ƙara tsawo, shanun kuma suna ƙara ramewa. Rijiyoyin yankin da yawa sun zarce mita 50, jakuna ko raƙumi ko takarkari ke jan igiyar. Idan aka ɗauki garken shanu 50, kowace ta sha lita 30, ana bukatar lita 1,500. Da guga mai cin lita 40, kusan ja 40 ke nan, ga wasu garkunan suna jiran layi. Wannan lissafi shi ke yanke yawan mutanen da za su iya zama wuri ɗaya. Rundunar dubban mahaya da ke taruwa a tsakiyar rani a wasu labarai, ƙishirwa za ta gama da ita kafin abokan gaba su iso. Babban taro sai da damina, lokacin da ko'ina ruwa, shi ya sa bikin Gerewol da haɗuwar makiyaya a ƙasar gishiri ta Ingal suke faɗowa wajen Satumba.

Ikon rijiya ma yana da dokarsa. A al'ada, dangin da suka haƙa ta su ke da fifiko. Ba a hana matafiyi sha, amma kwanakin da baƙon garke zai yi sai da yardar masu ita, kuma ta haka suke kare ciyawar da ke kewaye. Bayan samun 'yancin Nijar, gwamnati ta gina manyan rijiyoyi da tashoshin famfo waɗanda kowa ke iya zuwa, sai garkuna suka yi ta kwarara, ƙasar kewayensu ta zama fako. Marubucin da ya sa wani idon ruwa na tsafi wanda ba ya ƙafewa a cikin labarinsa ya kamata ya tuna da wannan. Irin wannan wuri zai zama filin faɗa da ƙasusuwan dabbobi tun kafin ya zama wurin hutawa.

Lokacin da ya fi kisa ma ba inda masu zaman birni ke zato yake ba. Ƙarshen bazara ne da farkon damina. Ruwan fari yana ruɓar da busasshiyar ciyawar da ta rage, sabuwa ba ta kai a ci ba, saniyar da ta rame kuma sanyin ruwa yana iya kwantar da ita. A 2010, bayan daminar 2009 ta gaza, dabbobi masu yawa a yankin kiwo na Nijar sun jure rani, suka zo suka mutu da saukar ruwa mai ƙarfi. Labarin da ya ajiye tsananin wahalarsa a ranar da hadari ya haɗu ya fi kusa da gaskiya.

Sai lissafin garke. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara, ba ta cika haihuwar fari ba sai ta kai shekara huɗu, kuma a irin wannan ƙasa sau da yawa sai bayan shekara biyu take sake haihuwa. Wanda fari ya cinye masa garke zai yi shekara goma ko fiye kafin ya mayar. Akuya kuwa wata biyar ne cikinta, tana cin ganyen ƙaya, tana ba yara nono. Waɗanda suka tsira daga babbar masifa, a shekarunsu na farko masu awaki ne da jakuna. Doki, wanda labaran yaƙi ke ƙauna, yana son ruwa kullum da hatsi, kuma a irin wannan duniya mallakarsa alama ce ta wanda ke cin gumin wasu.

Tarihin yankin ya nuna yadda tsira take a zahiri. Cutar bushiya ta share mafi yawan shanun Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1890. Yunwar Kakalaba ta zo a 1913 zuwa 1914, sai farin 1973 zuwa 1974, sai na 1984, wanda a Nijar ake kira El Buhari saboda ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya a zamanin Janar Muhammadu Buhari. Mutane da sunan yunwa suke ƙirga shekaru, kuma duniyar labari tana ƙara nauyi idan tsofaffinta suna yin haka. A waɗannan shekaru an ci 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. An sussuke ƙarangiya, an ci ganyen jiga da aduwa, an tone gidajen tururuwa don ƙwayar da suka tara. Woɗaaɓe da yawa sun gangara Maraɗi da Kano, wasu har bakin teku, maza suna gadi, mata suna kitso da sayar da magani, wasu kuma suka koma kiwon shanun 'yan kasuwa.

Abin da ya mayar da mutane daji shi ne bashin zumunci. Woɗaaɓe suna da al'adar haɓɓanaye: mai garke ya ba wanda ya rasa aron karsana, ta zauna wurinsa har ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. A nan ne labarai da yawa na wannan fanni suke kuskure, inda suke nuna kowa ya zama kura ga ɗan'uwansa da zarar masifa ta sauka. Wanda ya ci amana a ƙasar da rijiyoyi ƙidayayyu ne ba shi da inda zai shayar gobe. Mugunta tana nan, amma takan zo ne ta hanyar mai hatsin da ke jiran farashin bijimi ya faɗi har ya kasa sayen buhun gero, ko mai ikon da ya killace mashaya. Makiyayi ba ya rabuwa da manomi, domin nono kaɗai ba ya riƙe gida da rani. Duniyar da aka ce manoma duka sun ƙare a cikinta dole ta bayyana inda hatsi, gishiri, kanwa da ƙarfen takobi suke fitowa.

Shugabanci ma yana bin wannan hali. Arɗo ba shi da kurkuku. Wanda bai gamsu da shi ba yakan kwashe kayansa ya bi wani. Mai daraja shi ne garso, wanda ke hawa ya je duba ciyawa da ruwa ya dawo da labari. Ƙaryar garso guda tana iya kashe zuri'a, kuma wannan kaɗai ya isa ƙashin bayan littafi. Inda hukuma take, iyaka ce abin faɗa: a Nijar dokar 1961 ta shata layin da noma bai kamata ya haura ba, gonaki suka haura shi, burtali ya ƙuntata. Rikicin Toda na 1991, a nan jihar Maraɗi, ya ci rayuka fiye da ɗari, akasari mata da yaran Fulani. Sai a 2010 wata doka ta amince da cewa ƙaura da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi.

Bayan an kafa duk wannan ne ake shigo da abin tsoro, kuma wurinsa shi ne inda mutane ba su da zaɓi. Labarin Bayajidda ya daɗe da nuna hanyar: macijin Daura yana cikin rijiyar Kusugu, yana hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Da a wani kogo mai nisa yake, da babu wanda zai kula da shi. Dodon da ke tsare rijiya ɗaya tilo tsakanin zango biyu, ko iskokin da ke fitowa da dare alhali zafin bazara ya tilasta tafiyar dare, su ne ke sa jama'a yanke shawara mai ɗaci: wa za a bari, me za a bayar. Tsafi kuma ya zama yana da farashi da iyaka, kamar yadda a bori kowane iska yake da dabbar da yake so a yanka masa. Bokan da ke kiran ruwa duk lokacin da ya ga dama ya rushe labarin gaba ɗaya. Wanda kiran ruwansa ke cin karsana mai ciki ya jefa mutanensa cikin lissafin da suka fi tsoro.

Kufai ma yana da gurbi. Kusa da Dakoro akwai Birnin Lalle, wadda ta taɓa zama mazaunin sarakunan Gobir a kan hanyarsu daga Abzin zuwa kudu, yau kuwa ƙaramin gari ce. Makiyayan labari za su ratsa irin waɗannan wurare, kuma abin da zai kai su ciki duk da tsoron masu gadin kufan na ɓoye shi ne tsohuwar rijiyar da mutanen da can suka gina da dutse, da ciyawar da ta yi tsawo saboda shekaru babu garken da ya kuskura ya shiga.