Ma'aikacin banki, mai riƙon amanar dukiyar jama'a

A Birnin Ƙonni, kusa da iyakar Nijeriya, sana'ar kuɗi ba baƙuwa ba ce. Ƴan canji suna musayar naira da sefa kowace rana, ƴan kasuwa suna sayen albasar Galmi, manoman fadamar Ƙonni da na ƙasar Illela suna neman bashin taki da iri. Dukansu suna bukatar wanda ya san lissafi kuma ya san amana.

A cikin banki aiki kashi-kashi ne. Akwai mai karɓa da biyan kuɗi, akwai mai tsare littattafan lissafi, akwai mai binciken bashi. Shi wannan na ƙarshe, kafin a ba manomi ko ɗan kasuwa kuɗi, sai ya auna abin da mutum yake samu, da jinginarsa, da lokacin da zai iya biya. Manomin albasa ba ya biya sai bayan girbi. Wanda bai san haka ba bai san aikinsa ba.

Sama da waɗannan akwai masu haɗa babban jari. Kamfanin siminti irin na Malbaza, wanda ya fara aiki a 1966, ya fi ƙarfin aljihun mutum guda. Sai an haɗa gwamnati da masu hannun jari da bankuna irin su BOAD na Lome, an tsara bashin shekaru masu yawa. Tun 1998 kuma akwai kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan.

Tarihi ya nuna nauyin wannan aiki. Bankin BDRN, da aka kafa a 1961 domin raya ƙasa, ya durƙushe a 1990 saboda tarin basussukan da ba a biya ba, aka kafa Sonibank a madadinsa. Masu ajiya da ma'aikata sun sha wuya.

Hanyar shiga sana'ar a buɗe take. Jami'ar Tawa tana koyar da tattalin arziki da gudanarwa, babban banki BCEAO kuma yana horar da ma'aikata a cibiyarsa COFEB ta Dakar tun 1977. Marigayi Bukari Aji ya riƙe muƙamin mataimakin gwamnan BCEAO, ya zama firaminista a 1996.

Iyaye su ƙarfafa ƴaƴansu maza da mata a kan lissafi. Manoma da ƴan kasuwa kuma su biya bashi a kan lokaci, domin kuɗin da banki yake bayarwa ajiyar maƙwabtansu ne.