Direba da Kwandasta: Binciken da Ya Sauya Tunanin Likitoci Kan Motsa Jiki

Bayan yaƙin duniya na biyu, ciwon zuciya ya addabi magidanta a Birtaniya. Mutum yana cikin ƙarfinsa, sai a ji ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci sun san jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya ne kitse ke tsukewa har gudan jini ya toshe su. Abin da ya shige musu duhu shi ne dalilin da ya sa wani ke kamuwa, maƙwabcinsa kuma ya tsira.

Likitan da ya fara warware zaren shi ne Jeremy Morris, haifaffen Liverpool a 1910, wanda ya tashi a Glasgow. Ya nemo amsar ne a cikin jajayen motocin bas na Landan masu hawa biyu.

Kowace mota tana da ma'aikata biyu. Direba yana zaune a kan sitiyari kusan wuni guda. Kwandasta kuwa ba ya zama: ya hau sama ya yanka tikiti, ya sauko ya karɓi kuɗi, ya sake hawa, har ya taka matakala 500 zuwa 750 a rana. Ma'aikatarsu ɗaya, rayuwarsu kusan iri ɗaya, hayaƙin titi ɗaya suke shaƙa. Morris da abokan aikinsa suka bi bayanan lafiyar ma'aikata kimanin 31,000 masu shekara 35 zuwa 64, a tsakanin 1949 da 1950. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 1953 ya nuna direbobi sun fi kamuwa da ciwon, kuma mutuwar farat ɗaya a cikinsu ta kai kusan ninki biyu na ta kwandastoci.

Da ya duba ma'aikatan gidan waya, labarin bai canza ba. Masu raba wasiƙu a ƙafa ko a keke sun fi masu zaman ofis da masu haɗa layin tarho tsira.

Wasu likitocin ba su gamsu ba. Suka ce wataƙila tun asali masu ƙiba ne ke zaɓar tuƙi, sirara kuma su zama kwandastoci, ka ga kenan laifin teɓa ne ba na zama ba. Morris bai tsaya musu ba, sai ya nemi kundin awon wandunan da hukumar sufuri ke ɗinka wa ma'aikatanta. Lallai, ƙugun direbobi ya fi faɗi tun suna sabbin shiga, kuma ya buga hakan a 1956 ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma da aka kwatanta masu awon wando iri ɗaya, kwandasta, siriri ne ko mai jiki, shi ne dai ya fi tsira daga mutuwar farat ɗaya.

Ganin aikin ƙarfi yana ƙaura daga hannun mutane zuwa na injina, sai ya koma kan abin da ma'aikacin ofis ke yi bayan tashi aiki. Ya bi ma'aikatan gwamnati kusan 17,000, a 1973 ya ba da rahoton cewa masu iyo, tuƙa keke ko tafiya da sauri har numfashi ya ɗaga, sun fi sauran kariya nesa ba kusa ba. Ɗan kai-komo a lambun gida bai wadatar ba.

A Amurka, Ralph Paffenbarger ya samu makamancin haka a kan 'yan dakon tashar jirgin ruwa ta San Francisco da tsofaffin ɗaliban Harvard. A 1996 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya karrama su biyun da lambar yabonsa ta farko a kimiyyar wasanni. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bai wa manya a yau, ta motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ta tsiro ne daga fagen binciken da suka share.

Morris da kansa ya riƙe iyo da motsa jiki har bayan ya haura 90, yana zuwa ofishinsa a makarantar koyon kiwon lafiyar jama'a da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Ya rasu a 2009 yana da shekara 99.