MAGANIN TAƁIN HANKALI DA TAURIN BAYAN GIDA: ABIN DA YA KAMATA IYALI SU SANI

Duk wanda ya taɓa biyawa ta unguwar Abatuwa a birnin Jos da sassafe, sa'ad da ake fito da nama daga mayanka, ya ga yadda ake zazzage kayan ciki ana wanke hanji. Mahauci ba ya bukatar a gaya masa cewa abin da ke farkon hanjin akuya ruwa-ruwa ne, amma kafin ya kai ƙarshe ya bushe ya dunƙule. Haka abin yake a cikin ɗan Adam. Wannan sani na mahauta ya isa ya fahimtar da jama'a wani haɗari wanda ba a cika maganarsa ba, watau taurin bayan gida mai tsanani da ke samun masu shan maganin taɓin hankali. In an yi sakaci da shi yakan kai ga toshewar hanji, har ma da rasa rai.

An shirya wannan takarda ne domin iyaye, da ma'aurata, da 'yan'uwa masu jinyar wani nasu a gida. Maganin yana da amfani ƙwarai, kuma wajibi ne a ci gaba da shansa yadda likita ya ce. Abin da ake nema shi ne, wanda ke lura da barcin majinyaci da maganarsa, ya riƙa lura da cikinsa kuma.

YADDA MAGANIN YA SAMU

A shekarar 1952 ne waɗansu likitoci biyu a ƙasar Faransa, Jean Delay da Pierre Deniker, suka ba da labarin amfanin da suka gani ga wani sabon magani a kan masu taɓin hankali. Shi ne wanda jama'a suka sani da sunan Largactil. A nan Nijeriya, cikin 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zama tare da wani danginsa yana karɓar magani. Daga baya waɗansu magunguna suka biyo, kamar su halofaridol, da olanzafin, da kulozafin, wanda ake rubuta wa clozapine a jikin kwali.

Ana ba da irin waɗannan magunguna a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Yawancin masu karɓa ba a asibiti suke kwana ba. Suna gidajensu, suna zuwa kasuwa da gona da makaranta. Saboda haka iyali su ne idon likita a tsakanin zuwa asibiti da zuwa asibiti.

YADDA MAGANIN KE TAƁA HANJI

Ƙaramin hanjin mutum ya kai wajen mita 6, babban kuwa wajen mita ɗaya da rabi. Abinci ba gangarawa yake yi da kansa ba. Hanji ne ke matsewa yana saki, yana tura shi gaba kaɗan kaɗan, bisa ga saƙon da jijiyoyi ke kai masa. Aikin babban hanji kuma shi ne tsotse ruwan da ya rage. Gwargwadon daɗewar kashi a cikinsa, gwargwadon bushewarsa.

Da yawa daga magungunan taɓin hankali, bayan aikin da suke yi a ƙwaƙwalwa, suna tare wannan saƙo da ke zuwa ga hanji. Sai hanji ya yi sanyi, tafiyarsa ta ragu, kashi ya daɗe ya bushe ya taru. Alamar da iyali za su iya gani da ido ita ce bushewar baki, domin ta hanya ɗaya abin ke faruwa. Magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba a wannan fanni. Kulozafin ya fi kowanne, Largactil da olanzafin su ma suna yi sosai, halofaridol kuwa nasa da sauƙi.

Wani bincike da aka buga a 2016 daga ƙasar Niyu Zilan ya auna tsawon lokacin da abu ke ɗauka kafin ya ratsa babban hanji. Ga masu shan waɗansu magungunan taɓin hankali, wajen awa 23 ne. Ga masu shan kulozafin kuwa ya haura awa 100, watau fiye da kwana huɗu. Saboda rayukan da aka rasa, hukumar kula da magunguna ta Ingila ta ja kunnen likitoci a watan Oktoba na 2017, ta Amurka kuma ta ƙarfafa nata gargaɗin a watan Janairu na 2020.

Bugu da ƙari, sau da yawa akan haɗa wa majinyaci Artane ko Exol domin hana sanƙarewar jiki da makyarkyata. Shi ma yana rage tafiyar hanji. Haka kuma taramol, da kodin, da ƙwayoyin ƙarin jini, da Buscopan, da maganin tsai da gudawa. In biyu ko uku daga cikinsu suka haɗu a cikin mutum ɗaya, haɗarin ya ninka. Matasan da ke sayen Exol da taramol domin maye su ma abin ya shafe su.

DALILIN DA YA SA BA A GANEWA DA WURI

A ɗauki misali da wani saurayi mai taya mahaifinsa aiki a mayanka. Ya yi fama da ciwon, an kai shi asibiti, an sa shi a kan magani. Ya daina surutai, yana barci, ya koma bakin aiki. Gida kowa yana hamdala. Wata rana uwarsa ta lura ya rage cin tuwo, ta ce, "Ɗan nan, ko cikinka ne?" Ya ce, "Lafiya lau, Inna." Ta yi shiru, domin ba tsarinmu ba ne uwa ta tambayi baligin ɗanta yaushe rabonsa da zagayawa. Alhali kuwa kwanansa shida ke nan.

Abu uku ne suka haɗu a nan. Na farko kunya, tasa da tata. Na biyu, ciwon da kuma maganin sukan rage wa mutum jin zafi, har cikinsa ya cika bai ji abin da mai lafiya zai ji ba. Masu bincike sun tarar cewa da yawa daga waɗanda hanjinsu ya yi sanyi ƙwarai, in an tambaye su sai su ce ba abin da ke damunsu. Na uku, ko da majinyaci ya yi kuka, akan ɗauka cikin ciwon nasa ne, ba a kula.

Akwai kuma wani tarko wanda ya kamata kowa ya sani. Idan busasshen kashi ya toshe hanya, ruwan da ke bayansa yakan silalo ta gefe ya fito, har ya ɓata wando. Iyali sai su ce gudawa ce, su sayo maganin tsai da ita. Wannan ƙara kulle ƙofa ne a kan abin da ke neman mafita. Mai shan maganin taɓin hankali wanda ya yi kwanaki bai zagaya ba, sa'an nan ruwa ya fara zubo masa, asibiti za a kai shi.

ABIN DA SAKACI KE JAWOWA

Da fari yawan nishi ne ke kawo basir da tsagewar dubura. In abin ya ci gaba, kashin ya daskare kamar dutse, ya tare har fitsari. Daga nan hanji ya toshe, ko ya tsaya cik, iska da ruwa su taru, ciki ya kumbura. Hanjin da ya kumbura jini ba ya isarsa yadda ya kamata, sai wani sashe ya mutu ya ruɓe, ko ya huje, ƙazanta ta malala cikin ciki, guba ta shiga jini. Waɗansu kuma aman ne ke sarƙe su ya shiga huhu. In an kai nan sai tiyata, kuma ba kowa ke tashi ba. Daga alamun farko zuwa wannan hali, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu ne kawai.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Mai lafiya yakan zagaya daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako. Wanda bai kai sau uku a mako ba, ko yake yi da wuya, busasshe, yana da taurin bayan gida. In majinyaci ya kwana uku bai yi ba, ko kwana biyu ga mai shan kulozafin, a sanar da likita, kada a jira ranar komawa. Amma a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, in an ga ɗaya daga waɗannan:

1. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yana ciwo mai tsanani.
2. Amai, musamman kore ko mai warin kashi.
3. Ko tusa ba ta fita.
4. Jini a bayan gida.
5. Zazzaɓi, ko gumi mai sanyi, ko bugun zuciya da sauri.
6. Magagi ko ruɗewar da ba a saba gani ba.

A tafi da dukkan magungunan da yake sha, da kwalayensu, a nuna wa likitan da aka tarar. A irin wannan hali kada a ɗura masa filasko, ko kanwa, ko wani jiƙo na wankin ciki, kada kuma a matsa masa da abinci. Tura kaya da ƙarfi a hanjin da ya toshe yana iya fasa shi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

1. A zaɓi mutum ɗaya a gida wanda majinyaci ba ya jin nauyinsa, namiji ga namiji, mace ga mace, ya riƙa tambayarsa a keɓe. A riƙa yin 'yar alama a jikin kalanda duk ranar da ya zagaya, a kai wa likita.

2. Ya sha ruwa wajen lita biyu a rana, watau ledar ruwa huɗu, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. A Jos da sauran wurare masu sanyi, ƙishirwa ba ta cika damun mutane ba, balle da hunturu, saboda haka sai an tuna masa. Mai niyyar azumi ya shawarci likita tukuna.

3. A yawaita masa ganye da 'ya'yan itace: gwate mai ganye, da kabeji, da karas, da alayyafo, da zogale, da kuɓewa, da wake, da gwanda, da lemo. A rage yawan burodi da farar shinkafa da tsire ba ganye. Amma a sani, ganye ba ruwa ƙara cunkoso yake yi.

4. Ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, ko ta rabin awa ce. Kulle majinyaci a ɗaki ko ɗaure shi da mari zalunci ne, kuma yana kashe hanji, domin ba ya motsi, ba ya samun zagayawa sa'ad da ya ji bukata.

5. Abinci da ruwa kaɗai ba kullum suke isa ba. Likita na iya rubuta maganin sassauta ciki tun ranar da aka fara kulozafin, kuma shansa na tsawon lokaci bisa umurnin likita ba laifi ba ne. A tambaya in ba a rubuta ba.

6. Kada a sayo wani magani a kemis ko a hannun 'yan talla ba da sanin likitansa ba.

KADA A TSAI DA MAGANI DA KA

Wani in ya karanta wannan sai ya ce gara a bar maganin gaba ɗaya. Wannan kuskure ne babba, gama ciwon zai dawo, wataƙila fiye da da. Kulozafin kuwa, in an bar shi ya wuce kwana biyu, ba a komawa kan adadin da ake sha, sai likita ya sake farawa daga kaɗan. Likita ne kaɗai zai rage magani, ko ya sauya shi, ko ya dakatar da shi.

Haka kuma ana roƙon ma'aikatan lafiya, daga likita har mai ba da magani, su riƙa yin wannan tambaya duk lokacin da majinyaci ya zo, ko bai kawo kuka ba. Iyali kuma su ajiye kunya a wannan wuri ɗaya. Sun sha wahala kafin hankalin ɗan'uwansu ya dawo, bai kamata su rasa shi a kan tambayar da ba ta wuce kalma huɗu ba: yaushe rabonka da zagayawa?