Zafin Illela da Ladan Mai Bincike

A kasuwar Illela, kan iyakar Nijeriya da Nijar, nama da madara sun fi saurin lalacewa da bazara bisa ga lokacin hunturu. Dalili kuwa shi ne zafi yana gaggauta sauyawar sinadarai: idan ya ƙaru da digiri 10, sau da yawa saurin yakan ninka. Masanin ƙasar Holan, van 't Hoff, ya bayyana wannan ƙa'ida a 1884, bai wuce shekara 32 ba, amma sai a 1901 ya sami lambar Nobel. Shi ya sa ƙungiyoyin kimiyya ke keɓe wa matasan masu bincike lambobin yabo, domin yabon wuri kan jawo tallafi da kayan aiki tun gwiwa ba ta yi sanyi ba.