Uwargida, Idan Kwamfutarki Ta Juye Faransanci Kada Ki Firgita

Yau ba zancen girki ko renon yara na zo mana da shi ba. Zance ne a kan wata baƙuwa da ta shigo ɗakunanmu ta zauna daram, watau kwamfuta, ita da ƙanwarta wayar hannu, da abin da ya kamata mace ta yi ran da ta kunna tata ta tarar tana yi mata yaren da ba ta ji.

Ga abin da ya jawo zancen. A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, maigidan wata abokiyar aikina, malama a nan Gumel, ya sayo mata kwamfuta ta hannu daga wani ɗan kasuwa da ke zuwa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis daga Damagaram. Da ta kunna sai ta ga kome da Faransanci yake. Ta daure tana bin hotuna tana lalube, har ta shigar da makin yaran ajinta, aikin mako biyu cur. Ana nan sai jimla ta ƙi fita daidai. Rannan kuma ɗanta ya yi wasa da madannan, aka wayi gari in ta danna A sai Q ya fito. Ta kai wa wani yaro mai gyara, ya ce ai sai an goge kome an zuba sabo, ya kuma yanka mata kuɗin da ya fi na cefanen kwana uku. Allah ya sa ba ta yarda nan take ba, gama ban da makin yara har da hotunan sunan 'yarta a ciki. Ta zo mini da ita idanu jajur. Muka zauna bayan azahar, kafin a kira la'asar kwamfuta ta koma Turanci, ba a goge ko harafi ɗaya ba.

Watau dai lafiyarta lau, mu ne ba mu san hanya ba. Gaskiyar masu iya magana, rashin sani kaza ta kwana kan dami.

Daga Ina Matsalar Take?

Mu mutanen ƙasar Gumel a bakin iyaka muke. Da ka wuce Maigatari ka shiga Nijar. Mu da su Hausa ɗaya muke yi, muna auren juna, muna cin kasuwa ɗaya, amma tun da Ingila da Faransa suka shata iyakar nan a farkon ƙarnin da ya wuce, bokonmu ya zama na Turanci, nasu ya zama na Faransanci. Ko da yake a 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, na'urorin da ke hannun jama'a a can galibi da Faransanci aka saita su. In ɗaya ta ƙetaro, da harshenta take ƙetarowa.

Haka kuma tsarabar Makka. Wayar da Hajiya ta sayo a Saudiyya sau da yawa da Larabci take zuwa. Akwai kuma kayan hannu da ake kawowa daga Turai, kowanne da harshen mai shi na farko. Sa'an nan ga yaranmu, masu hannu kamar na biri, minti biyu ya ishe su su mai da waya harshen Sin.

Abin da nake so kowace mace ta riƙe shi ne, harshe a jikin na'ura kamar riga ne. Ana tuɓe wannan a sa waccan, jiki yana nan yadda yake. Hotunanki da wasiƙunki da lambobin 'yan'uwanki ba abin da zai taɓa su don an sake harshe.

Kafin Ki Taɓa Kome

Doka ta fari, kada ki danna amincewa a kan abin da ba ki iya karantawa ba. Gaggawa aikin Shaiɗan ce. A Faransanci akwai kalmomi huɗu da za ki guje musu kamar wuta: Supprimer da Effacer, duka biyu gogewa ke nan, Formater, share kome da kome, da Réinitialiser, watau mai da na'ura yadda ta fito daga kamfani. In kin rikice ki nemi Annuler, ma'anarta a fasa. Oui shi ne i, Non shi ne a'a.

In akwai wata waya a gidan mai manhajar fassara ta Google, wadda aka sa Hausa a cikinta tun 2013, ki haska kyamararta a kan rubutun, za ta juya miki shi. Fassarar ba kullum take daɗin ji ba, amma ta isa ta nuna miki inda rami yake.

Ciwon Iri Uku Ne

Na fari shi ne harshen da kwamfuta take yi miki magana da shi. Ki dubi layin madannai na ƙasa, akwai wani mai hoton taga mai gida huɗu. Ki danne shi, ki haɗa da harafin I. Wurin saiti zai buɗe, kowane harshe kuwa take yi. A nan ki nemi alama mai agogo. Da Turanci an rubuta Time & language, da Faransanci kuwa Heure et langue. Ki shiga, ki zaɓi Langue, watau harshe. Can sama za ki ga akwatin da aka rubuta Langue d'affichage de Windows. Ki buɗe shi, in English yana ciki ki zaɓa. In ba ya ciki, sai ki danna Ajouter une langue, ki nemo English ki sauko da shi. Wannan kam sai da data, saboda haka ki tanada. Bayan nan za ta nemi ki fita ki sake shiga. Ki adana aikin da kike yi tukuna, sa'an nan ki yarda. Ko ki kashe ta ki kunna, duk ɗaya ne.

Na biyu shi ne na madannai. Ki karanta haruffa shida na farko a layin sama. In kin ga QWERTY, tsarin Turanci ne, irin wanda muka saba. In kin ga AZERTY, na Faransa ne. A tsarin Faransa, A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M kuma ya hau ya zauna kusa da L, lambobi kuwa ba sa fita sai an danne Shift. To, kwamfuta ɗaya tana iya riƙe tsari biyu ko fiye, kuma madannin tagar nan in aka haɗa shi da dogon madannin ƙasa mai ba da tazara, shi ke juya ta daga wannan zuwa wancan. Abin da ɗan malama ya danna ke nan. Ki dubi kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo, za ki ga ENG ko FRA, shi ne tsarin da take kai. Wannan ne kuma yakan sa mace ta rubuta kalmar sirrinta daidai amma kwamfuta ta ƙi buɗewa, ta zaci an yi mata kutse. Kafin ki tada hankali ki dubi kusurwar nan.

Sai dai a lura, sake tsari ba ya sake fentin da ke jikin madannai. In kin mai da kwamfutar Faransa tsarin Turanci, ki sayi takardun haruffa masu manne wa a wurin masu kayan kwamfuta, ko ki yanka filasta ƙanana ki rubuta haruffan da biro ki liƙa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya'ya a sakandare. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amsa kuwa tsakanin A da B da C da D ake zaɓa. Yarinyar da hannunta ya saba da A a wurin Faransa, ran jarrabawa za ta tarar ya tashi daga nan. Gara tun a gida ta saba da tsarin da za ta tarar a can.

Na uku shi ne wanda ya ɓata jimlar malama, kuma shi ya fi ɓuya. Mu in za mu rubuta goma sha biyu da rabi, 12.5 muke sawa, da ɗigo. Faransawa kuwa 12,5 suke sawa, da waƙafi. Kwamfutar da aka saita a kan ƙasar Faransa, in kin sa mata ɗigo a Excel, sai ta ɗauka rubutu ne ba lamba ba, ta tsallake shi wajen tarawa. Yaro ya ci maki, amma a takarda ya faɗi, ba laifinsa ba. Maganinsa yana nan wurin alamar agogon nan. Ki nemi Région, ki sa ƙasa da tsarin rubuta lambobi su koma Nijeriya, sa'an nan ki sake bin makin da kika riga kika shigar ki gyara. Haka kuma in kin ga Word yana ja wa kowace kalma jan layi, ba ke ce kika yi kuskure ba, da ƙamus ɗin wani harshe yake duba ki. Ana sake shi a ƙarƙashin Review, da Faransanci Révision.

Wayar Hannu Fa?

Tata ta fi sauƙi. Ki nemi alama mai kama da ƙarfen nan mai haƙora da sarƙar keke take hawa, nan ne saiti. A wayoyin Tecno da Infinix da itel, harshe yana ƙarƙashin System, can wajen ƙasan jeri. A Samsung yana cikin General management. In da Larabci take, kome zai juye ya faro daga dama, kada wannan ya ruɗa ki. A nan karatunmu na Islamiyya zai yi rana, ki nemi kalmar اللغة, watau lugga, ki shiga. Sunan kowane harshe da rubutun masu shi yake fitowa, saboda haka English za ki gan shi English. In kuwa rubutun ya gagare ki sam, kamar na Sin, ga dabara: ki aro waya irin taki daga kishiya ko maƙwabciya, ki ajiye su gefe da gefe, duk layin da aka taɓa a tata ki ƙirga ki taɓa irinsa a taki.

Lokacin Da Mai Gyara Ya Zama Dole

Ba na ce kome za mu iya da kanmu ba. Akwai wani irin Windows da ake kira Single Language, harshe ɗaya aka sayar da shi, ba ya karɓar wani. Irin wannan lalle sai an kai wa masani. To, in ta kama, ki kwashe takardunki da hotunanki a filashi tukuna. In waya ce, ki zare layinki da katin ajiya. Ki zauna a yi aikin a gabanki, ko ki tura muharraminki ya zauna. Lambar sirrin banki kuwa ba ta da haɗi da gyara, duk wanda ya tambaye ki ita ki karɓi kayanki ki ƙara gaba. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne masu riƙon amana, amma wayar mace akwatin sirrinta ce, akwai hotunanta ba lulluɓi, akwai maganganunta da mijinta da iyayenta. Ba a barin irin wannan ya kwana a shago.

Ina kuma tuna 'yan'uwanmu na ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda sai mace ta nemi izini, ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta bar yara da girki, duk a kan abin da ba zai ɗauke ta dahuwar shayi ba in ta san hanya. Wadda ta karanta wannan ta karanta wa wadda ba ta samu gani ba.

Ga maigida ma saƙo. In za ka saya wa iyali kwamfuta ta hannu, ka dubi haruffan nan shida, ka kuma sa mai sayarwa ya juya harshen a gabanka kafin ka ba da kuɗi. Ka tambayi irin Windows ɗin da ke kanta, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba, 2025. Rigakafi ya fi magani.

Namu Harshen Fa?

A ƙarshe, tun da mun koyi tuɓe wa na'ura riga, me zai hana mu sa mata tamu? Facebook yana da Hausa tun 2016. A waya kuma, in kin ƙara Hausa a madannan Gboard, kika danne k ko d ko b kika ɗan jira, sai ƙ da ɗ da ɓ su fito. Mu malamai mun san amfanin wannan, gama baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Abin kunya ne mu riƙa gyara wa yara lanƙwasar haruffa a allo, mu kuma in mun ɗauki waya mu zubar da ita.

Malamar nan da na ba ku labarinta, makon jiya na tarar da ita a ɗakin malamai tana juya wa wata uwar ɗaliba waya daga Larabci, tana yi tana nuna mata da yatsa don gobe ta yi da kanta. Haka ake so. Ku zauna da 'ya'yanku mata ku gwada tare, ku sake harshen da gangan ku mayar, har hannu ya faɗa.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Sai mun sake saduwa.